Charles Babbage: Ya bar tsohuwar na'ura saboda sabuwar da bai taɓa ginawa ba

An haifi Charles Babbage a Landan a 1791. Masanin lissafi ne da ya gaji da kurakuran jadawalan da ake lissafawa da hannu, waɗanda matuƙan jiragen ruwa ke dogaro da su a teku. A 1823 gwamnatin Birtaniya ta fara ba shi kuɗi ya ƙera na'urar da za ta riƙa fitar da su ba kuskure.

Bayan shekara goma ya saɓa da injiniyansa, Joseph Clement, kan kuɗi. Aiki ya tsaya a 1833, an haɗa kashi ɗaya bisa bakwai kacal. Maimakon ya ƙarasa, sai a 1834 ya duƙufa kan zanen wata sabuwa, mai rumbun adana lambobi da sashen sarrafa su, wadda ake ba umarni da katuna masu huji. Fasalin kwamfutar yau ke nan, kuma ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Sai dai a idon baitulmalin da ya riga ya zuba kimanin fam 17,000, mai aikin da kansa ya binne aikinsa. Gwamnatin Robert Peel ta janye hannu a 1842. Mutanen Yauri, da aka tanadar wa madatsar Kainji injina 12 aka girka 8, ba baƙin irin wannan ba ne.

Ya mutu a 1871 bai kammala ko ɗaya ba. A 1991 Gidan Tarihin Kimiyya na Landan ya harhaɗa wata na'urar lissafi daga zanensa na baya, ta kuwa yi aiki.