Alhaji Bello Kagara, Walin Katsina (1890–1971): Malamin Manyan Arewa

Yawancin ɗaliban adabin Hausa sun san Alhaji Muhammadu Bello Kagara ne ta littafinsa Ganɗoki. Amma kafin ya zama marubuci malamin makaranta ne, kuma a cikin aji ya yi aikin da ya fi tasiri a tarihin Arewa.

An haife shi a shekarar 1890. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne alƙalin Kagara, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja. A gida ya fara karatun Alƙur'ani da littattafan addini. Yana yaro Turawa suka ci Kwantagora da yaƙi a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita gudun hijira, iyayen Bello na cikin waɗanda suka bi shi. Ke nan ya ga rushewar tsohuwar sarauta da idonsa.

Duk da haka bai guji ilmin da Turawan suka zo da shi ba. Ya shiga makarantar Nasarawa ta Kano, wadda Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a 1909. Daga nan ya koyar a Zariya. Da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai, sai aka ɗauke shi ya koyar da Larabci da addinin Musulunci.

A wancan zamani iyaye da yawa suna ƙyamar boko, suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Kwalejin kuwa Turawa ne ke tafiyar da ita, kuma da Turanci ake yawancin darussa. Kasancewar ɗan alƙali, masanin Larabci, a cikin malamanta ya zama shaida cewa yaro na iya koyon lissafi da Turanci bai bar salla da karatun magabata ba.

Ɗaliban da suka bi ta kwalejin a zamaninsa su ne daga baya suka riƙe ƙasa. Akwai Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Akwai Kashim Ibrahim na Barno, da Aliyu Makaman Bida, da kuma ƙanensa Abubakar Imam. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce ake kira Kwalejin Barewa.

A 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai 5 aka buga: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin lura a nan shi ne, uku daga ciki sun fito ne daga makaranta ɗaya, domin Bello Kagara malami ne a Katsina, Imam da Tafawa Ɓalewa kuwa tsofaffin ɗalibanta ne.

Shi kansa Ganɗoki aikin malami ne. Jarumin yana ba yara 'yan makaranta labarin yaƙe-yaƙen da ya yi da Turawa, da tafiyarsa gabas, inda labarin ya shiga duniyar aljanu, da yadda ya komo ya tarar ƙasa ta sake. Marubucin ya adana jaruntakar mazan jiya cikin kirari da salon baka, amma bai ɓoye wa yaran cewa zamanin takobi ya wuce ba.

A 1945 ya bar koyarwa ya koma aikin shari'a a Hukumar Gargajiya ta Katsina, har ya kai ga sarautar Wali. Ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu a 1971.

Manazarta sun yi ta rubutu a kan Ganɗoki, amma shekaru sama da 20 da ya yi yana koyarwa ba su sami irin wannan kulawa ba, alhali kuwa a nan ne ya fi barin gado. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.