Dimitiri Mendeleyef, autan da ya jera sinadaran duniya

Duk mai ɗa a lise ya taɓa ganin wani allo mai gida-gida a littafin kimiyyarsa. Yau tarihin mai allon muka kawo muku.

An haifi Dimitiri Mendeleyef a 1834 a Tobolsk, can Siberiya ta ƙasar Rasha, autan gida mai ƴaƴa fiye da goma. Uban ya makance, daga baya ya rasu. Masana'antar gilashin da uwar, Mariya, ke ciyar da gida da ita ta ƙone. Duk da haka matar nan ta ɗauki yaron ta kai shi Mosko neman karatu, aka ƙi shi. Ta wuce da shi San Fitasbag, ya samu shiga makarantar horon malamai a 1850, ita kuwa ba ta ƙare shekarar ba. Allah sarki, uwa!

A 1869 ya jera sinadarai 63 da aka sani bisa nauyinsu, sai ya ga halinsu yana maimaituwa kamar ranakun kasuwa. Masu hali ɗaya ya tara su gida ɗaya. Inda babu wanda ya dace ya bar gurbi, har ya faɗi siffar abin da za a gano. Nan fa ya sa sunansa a caca. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyom, aka tarar ya yi daidai da faɗarsa. Uraniyom ɗin nan namu na Arlit ma, shi ya gyara nauyinsa daga 120 zuwa 240.

Dalilin maimaituwar sai bayansa aka gane shi. Kowace ƙwayar zarra tana da ƴan ƙananan abubuwa masu kewaya ta, ilektoron, kuma akwai ƙarfin da ake buƙata kafin a fizge ɗaya. In ka bi layi zuwa dama ƙarfin galibi ƙaruwa yake, in ka gangara ƙasa ya ragu, don ilektoron na waje ya yi nisa da tsakiya. A ma'aunin masana, sodiyom na cikin kanwa 496 ne, kulorin da ke layinsa ta dama 1251, fotasiyom na ruwan toka da ke ƙarƙashinsa 419. Shi ya sa ba ka tsintar sodiyom tsurarsa a ƙasa: sakin nasa yake da sauƙi, kulorin ya karɓe, su zama gishiri irin na Bilma.

Mendeleyef ya rasu a 1907 bai samu kyautar Nobel ba, abin da mu dai muke gani an ci haƙƙinsa. A 1955 aka raɗa wa sinadari na 101 sunansa.