Mai Shari'a Muhammadu Bello (1930-2004)

An haifi Muhammadu Bello a birnin Katsina cikin shekarar 1930. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Giɗaɗo, malamin shari'a ne wanda ya riƙe muƙamin mufti a Katsina, don haka tun yana ƙarami ya buɗi ido ya ga ana kawo matsaloli gidansu ana warware su da littafi. Ya yi karatun allo, sannan aka sa shi makarantar boko a nan Katsina.

A zamanin da ya taso, 'yan Arewa da suka karanta dokar Turawa ba su taka kara sun karya ba. Alƙalai na da yawa a kotunan En'e, masana Risala da Muhtasar, amma manyan kotunan gwamnati suna hannun Turawa da lauyoyin Kudu. Da mulkin kai ya ƙarato, sai shugabannin Jihar Arewa suka ga wannan giɓi ba zai haifi ɗa mai ido ba, suka shiga zaɓen samari masu hazaƙa ana tura su karatun lauya. Muhammadu Bello yana cikinsu, shi da ɗan lardinsu Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma Galadiman Katsina. Sai da ya fara zuwa Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koyi harshen Latin, domin a lokacin ana bukatarsa ga mai son shiga wannan fage. Daga nan ya wuce Landan, ya zama cikakken lauya a zauren lauyoyi na Lincoln's Inn.

Ya kama aikin lauyan gwamnati a Kaduna cikin 1956. Shekarun da suka biyo baya shekaru ne na sauyi a shari'ar Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, kuma shawararsu ce ta haifar da kundin hukunta laifuffuka da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. Ana bukatar mutanen da suka san harshen alƙalin gargajiya, suka kuma san na jojin Bature, kuma Bello ya haɗa duka biyun. A 1961 aka naɗa shi babban majistare. Ya ɗan tafi Amurka ƙaro ilimi a makarantar koyon dokoki ta Jami'ar Harvard, ya dawo aka ba shi Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Jihar Arewa a 1964. Daga nan ya zama jojin Babbar Kotu, ya yi wannan aiki a shekarun yaƙin basasa da bayansa, har zuwa 1975 da aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli.

Shekara ashirin ya yi a wannan kotu, kuma a nan ne za a fi gane irin alƙalancinsa. Shari'a ta farko da ta jijjiga ƙasa ita ce ta zaɓen 1979 tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Alhaji Shehu Shagari. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne, lambar da ba ta rabuwa uku daidai. Shagari ya cika sharaɗi a jihohi 12, amma a ta goma sha uku, wato Jihar Kano, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. A lura cewa ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk a cikin Jihar Kano suke a wancan lokaci, domin ba a ƙirƙiro Jigawa ba sai 1991. Ke nan ƙuri'un mutanen wannan yanki suna cikin waɗanda aka yi ta lissafi a kansu a Legas. Alƙalai bakwai suka zauna, Bello na cikinsu. A ranar 26 ga Satumba, 1979, kotu ta tabbatar wa Shagari nasara, Mai Shari'a Kayode Eso kaɗai ya ce a soke zaɓen. Har yau masana ba su daina muhawara kan wannan lissafi na sha biyu da biyu bisa uku ba.

A 1981 Sanata Abraham Adesanya ya ƙalubalanci naɗin da Shugaba Shagari ya yi wa shugaban hukumar zaɓe. Tambayar ita ce, wane ne ke da hurumin kai gwamnati ƙara? Ra'ayin Bello shi ne, sai mutumin da abin ya taɓa haƙƙinsa na kansa. Ƙananan kotuna suka riƙe wannan ra'ayi gam, suka yi ta korar ƙararraki da shi shekara da shekaru, masu fafutukar kare haƙƙin jama'a kuma suka daɗe suna kukan cewa an rufe musu ƙofa. Abin sha'awa, a 1987, shekarar da ya gaji Mai Shari'a Ayo Irikefe ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ɗan Arewa na farko da ya hau wannan kujera, kotun da yake shugabanta ta buɗe wata ƙofar. Ta yarda cewa lauya Gani Fawehinmi yana da hurumin neman a gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, wanda bom ɗin da aka aika masa cikin ambulan ya hallaka a 1986, ko da yake babu dangantakar jini tsakaninsu.

Duk tsawon shugabancinsa bai yi aiki da zaɓaɓɓen shugaban ƙasa ba. Zamani ne da soja ke kafa doka, su kuma rubuta a cikinta cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kanta. Masu sukarsa suna ganin ya cika taka-tsantsan da masu mulki. Masu kare shi suna cewa da wannan sanyin hali ya hana a rushe kotun baki ɗaya. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai kafa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa dab da ritaya. Wata jarida ta kamfanin Concord, mallakar Cif Moshood Abiola, ta buga labarin cewa gwamnatin Janar Babangida ta ba alƙalan Kotun Ƙoli motocin marsandi, su kuma suka kai kamfanin ƙara kan ɓata suna. Ana cikin haka gwamnatin Janar Abacha ta tsare Abiola a 1994, bayan ya ayyana kansa a matsayin wanda ya ci zaɓen 12 ga Yuni, 1993, maganar belinsa kuma ta iso gaban waɗannan alƙalai. Lauyansa ya nemi su janye, tun da suna da shari'a da kamfaninsa. A 1995 Bello da abokan aikinsa bakwai suka amince suka janye. Ta fuskar ƙa'ida abin da suka yi daidai ne, domin mai ƙara ba ya zama alƙalin abokin shari'arsa. Sai dai alƙalan da suka rage ba su kai adadin da zai zauna ba, gwamnati kuma ta ƙi naɗa sababbi a kan lokaci. Haka Abiola ya ci gaba da zama a tsare har ya rasu a watan Yuli na 1998.

A zamaninsa ne aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a 1991, domin alƙali ya riƙa komawa aji yana sabunta iliminsa, kuma mazaunin cibiyar a Abuja sunansa aka sa masa. Ya yi ritaya a ƙarshen 1995 yana da shekara 65, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi. Shekara goma sha shida bayan haka, a 2011, kujerar ta iso ga ɗan Ɓaɓura, Mai Shari'a Dahiru Musdapher.

Muhammadu Bello ya rasu ranar 4 ga Nuwamba, 2004.