David Dubinsky: Baƙon da Ya Riƙe Ƙungiyar Maɗinka Shekara 34

Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiya a zaman baƙunci ya san daga inda rigima take tasowa, wato wajen kuɗi. Shi ya sa a wannan fitowa muka ɗauko tarihin David Dubinsky, Bayahuden da ya shiga Amurka ba ya jin Turanci, amma ya zama shugaban ƙungiyar ma'aikatan ɗinkin kayan mata ta ƙasar, wadda ake kira ILGWU.

An haife shi a 1892 a garin Brest-Litovsk, lokacin yana ƙarƙashin Sarkin Rasha, ya tashi a birnin Lodz na ƙasar Polan, inda mahaifinsa yake da gidan burodi. Tun yana yaro ya koyi gashi, ya shiga ƙungiyar masu burodi, har ya sa hannu a yajin aiki. 'Yan sanda suka kama shi. A kamu na biyu ya yi wajen shekara ɗaya da rabi a kurkuku, aka kora shi Saberiya, ya sulale ya gudu. A farkon 1911 ya sauka New York yana ɗan shekara 18.

A watan Maris na wannan shekarar gobara ta tashi a masana'antar riguna ta Triangle, mutum 146 suka mutu, galibinsu 'yan mata baƙi, Yahudawa da Italiyawa, domin an kulle ƙofa. Irin sana'ar da Dubinsky ya shiga ke nan. Ya koyi yankan yadi, wanda shi ne aiki mafi daraja a gidan ɗinki, don in mai yanka ya kuskure, yadi ya tafi.

Ya yi ta hawa har ya zama ma'aji a 1929, shugaba a 1932. To amma wace irin ƙungiya ya gada? Dogon yajin aikin 1926, wanda 'yan gurguzu suka ja, ya bar ta cikin bashi har wuya, membobi sun watse. Da dokokin Shugaba Roosevelt suka ba ma'aikata ikon kafa ƙungiya a 1933, bai yi wata-wata ba, ya kira yajin aiki gari-gari. Cikin shekara biyu membobi suka tashi daga dubu arba'in da wani abu zuwa wajen dubu 200.

Inda ya fi burge ni shi ne riƙon amana. Yakan sa a buga lissafin kuɗin ƙungiya, shiga da fita, kowa ya gani. Jami'ansa kuwa sai sun sa hannu a takardar murabus wadda ba a rubuta kwanan wata ba, ya ajiye a aljihun tebur. Ka ci kuɗin jama'a, sai kawai a cike kwanan wata. Wasu na cewa wannan mulkin kama-karya ne, kuma ba su yi ƙarya ba, don mutumin ba ya son musu. Amma dai da kuɗin nan aka riƙe asibitin ƙungiya, da wurin hutu a jihar Pennsylvania, da fansho, aka kuma gina gidajen Penn South waɗanda Shugaba Kennedy ya buɗe a 1962.

Sai dai fa akwai tabo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, baƙaƙen fata daga kudancin Amurka da mutanen Puerto Rico suka cika gidajen ɗinki. Mafi yawan membobi mata ne, amma kujerun sama suna hannun tsofaffin maza, Yahudawa da Italiyawa. A 1962 ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP ta zargi ILGWU da tsare sababbin zuwa a ƙananan ayyuka, ana hana su koyon yanka. Dubinsky ya musanta, ya ji zafin maganar ƙwarai. Baƙon jiya ke nan, ya zama ɗan gari a idon baƙon yau.

Ya sauka a 1966, membobi sun haura dubu 400. Ya rasu a New York a watan Satumba 1982, yana da shekara 90. Kafin nan kayan da ake ɗinkowa da araha daga ƙasashen waje sun fara rufe masana'antu, har a 1995 ILGWU ta haɗe da wata ƙungiyar, sunan ya ɓace.