Célestin Freinet, malamin da ya kai injin ɗab'i cikin aji

Duk wanda ya zauna ajin CM1 da CM2 ya san nauyin waɗannan shekaru biyu: dikte da safe, sa'an nan lissafi, nahawu, tarihi, labarin ƙasa da harda, ga kuma jarrabawa tana jira a ƙarshe. Daga Faransa muka gaji wannan tsari. A can ne kuma aka yi wani malamin ƙauye wanda ya ƙare kwanakinsa yana neman hanyar da yaro zai koyi waɗannan fannoni ba tare da an raba shi da zaman garinsu ba. Sunansa Célestin Freinet, ana faɗi Firene. Waɗanda suka bi ta makarantar horon malamai sun ji sunan, amma kaɗan ne aka ba labarin mutumin.

An haife shi ran 15 ga watan Oktoba 1896 a Gars, wani ɗan ƙauye cikin duwatsun kudancin Faransa. Iyayensa talakawa ne manoma, shi kuwa ya yi kiwo tun yana ƙarami. A 1912 ya shiga makarantar horon malamai ta birnin Nis. Bai ƙare ba yaƙin duniya na farko ya tashi, aka ɗauke shi soja a 1915. A watan Oktoba 1917 aka yi masa mummunan rauni a huhu a fagen Chemin des Dames, inda sojojin Afirka masu yawa suka halaka a watan Afrilu na wannan shekara. Ya daɗe yana jinya.

A farkon 1920 aka ba shi aji a lakkwal ɗin yara maza ta Bar-sur-Loup. Malamin wancan zamani da murya yake aiki: yana bisa dandamali, yana magana tun safe har marece, yara suna maimaitawa. Mai raunin huhu ba ya iya haka. An sha cewa wannan ne ya sa Freinet ya sake hanya, amma ba shi kaɗai ba ne, domin mutumin ya karanta Rousseau da Pestalozzi da Ferrière, ya kuma ziyarci makarantun Jamus da na Rasha. Ciwon dai ya hanzarta abin da ke zuciyarsa.

Da fita yawo ya fara. Sai ya ɗebi yaran su je wurin maƙeri ko kafinta ko masaƙi, su duba rafi da gonakin zaitun. In sun komo aji, su faɗi abin da suka gani, a rubuta bisa allo. Nan ya ga abin da ya dame shi: yara suna cikin zumuɗi, da an buɗe littafin karatu na gwamnati sai jikinsu ya mutu, domin ba ruwan littafin da abin da idonsu ya gani.

A 1924 ya sayi wani ɗan injin ɗab'i na hannu da baƙaƙen dalma, ya girka cikin aji. Ga yadda aikin ke tafiya. Kowane yaro yana da izinin rubuta abin da ya ga dama, lokacin da ya ga dama. Da safe masu rubutu su karanta, aji ya zaɓi guda. A ɗora shi bisa allo, a gyara tare, kalma bayan kalma. A nan nahawu da ƙa'idar rubutu suke shigowa. Sa'an nan yara su jera baƙaƙe ɗaya ɗaya, su shafa tawada, su buga. Yaron da ya tsinci harafi da yatsunsa, ya kuma san baƙi za su karanta shafin, ba sai an tsawata masa a kan kuskure ba. Shafukan in sun taru su zama jaridar aji.

Wa zai karanta? A 1926 ajinsa ya ƙulla zumunci da ajin wani malami, René Daniel, a Trégunc ta bakin tekun yamma, tafiyar kusan kilomita 1000. Ƴaƴan manoma suna aika wa ƴaƴan masunta jarida da wasiƙu da ƙunshin kayan garinsu, su ma suna ramawa. Labarin ƙasa ke nan ya shigo ta gidan waya. A wannan shekara ya auri Élise Lagier-Bruno, malama kuma gwanar zane, wadda ta ɗauki nauyin fannin zane da fenti. A 1928 malaman da suka bi sahunsa suka kafa ƙungiyar gama kai domin ƙera kayan aiki da kansu. Daga cikinsu akwai katuna na lissafi da nahawu, tambaya daban amsa daban, yaro ya yi ya gyara wa kansa. A 1932 suka fara fitar da ƙananan littattafan bincike, kowane a kan batu guda, waɗanda daga baya suka wuce 1000.

A 1928 ɗin aka mai da shi Saint-Paul, inda ya tarar da yara fiye da 40 cikin ɗaki mai ƙunci da ƙazanta. Ya dami magajin gari da ƙorafi har gaba ta shiga tsakaninsu. Ana cikin haka wani yaro ya rubuta mafarkin da ya yi, wai ƴan aji sun faɗa wa magajin gari, shi kuma ya soke shi da wuƙa. Aka buga rubutun kamar sauran. A watan Disamba 1932 abokan gaba suka manna shi a bangayen gari, jaridun masu tsattsauran ra'ayi suka ɗauka, suna cewa ga ɗan kwaminis yana lalata ƴaƴan mutane. Gaskiya ne yana cikin jam'iyyar a lokacin, kuma a ganina buga irin wannan mafarki cikin ƙaramin gari ganganci ne. Amma magajin garin da ya ƙi gyara aji ba a tambaye shi kome ba. A watan Afrilu 1933 taro ya yi wa lakkwal ɗin zobe, Freinet ya fito da ƙaramar bindiga a hannu ya tsare ƙofa. Hukuma ta ɗauke shi daga garin.

Ya bar aikin gwamnati, a 1935 shi da matarsa suka buɗe tasu makaranta a Vence, inda daga 1937 suka karɓi yaran da yaƙin basasar Sipaniya ya koro. A nan tsarinsa ya cika, kuma manyan yara ne suka fi cin moriyarsa. Ran Litinin kowane yaro ya tsara aikinsa na mako: katunan lissafi nawa, rubutu nawa, wane batu zai bincika ya yi wa aji bayani. Lissafi yana fitowa daga awon lambu da asusun aji. A bango akwai takarda inda yara ke rubuta suka da yabo da shawara, ƙarshen mako a yi taro, yaro ne shugaba, malami yana zaune cikinsu. Jama'a su lura, Freinet bai jefar da tsarin karatu na hukuma ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki lambu da jarida da aikin hannu kamar abin cike lokaci bayan an gama karatu. A gare shi ta cikinsu karatun ke bi. Malaminmu da aji ya cika maƙil zai ce faɗi ya fi yi sauƙi, kuma yana da hujja, ko da yake wasiƙa tsakanin aji biyu ba ta bukatar inji.

A watan Maris 1940 aka kama shi aka tsare a sansani har Oktoba 1941. A wannan zama da wanda ya biyo baya ya rubuta manyan littattafansa, a 1944 kuma ya shiga cikin masu yaƙin ƙwatar ƙasa. Bayan yaƙi ya kafa cibiyar ICEM a 1947, sa'an nan tarayyar ƙasashe ta FIMEM a 1957. A 1949 aka yi siliman da aka gina bisa labarinsa. Tsakanin 1950 da 1954 masanan jam'iyyar kwaminis suka yi ta sukarsa.

Ya rasu a Vence ran 8 ga Oktoba 1966, aka binne shi a Gars. Élise ta ci gaba da kula da aikin, ta rasu a 1983. A 1991 gwamnatin Faransa ta karɓi makarantar Vence ta zama ta hukuma.