Emil Zatopek, yaron Bata da aka tura tsere dole

Dattawan Nima da Maamobi sun san takalmin Bata tun suna yara. A masana'antar wannan takalmi da ke garin Zlin, a tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, aka taɓa tilasta wa wani matashin ma'aikaci shiga tsere. Ya yi ta kawo uzurin cewa ba shi da ƙarfi, likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya shiga ransa bai so ba, sai ga shi ya zo na biyu cikin mutum 100. Sunansa Emil Zatopek, an haife shi ranar 19 ga Satumba 1922.

Duk wanda ya ga gudunsa ba zai ce da baiwa aka haife shi ba. Kai na rangaji, fuska a murtuke, harshe a waje, yana haki sai ka ce yanzu zai faɗi. Ba shi da saurin abokan karawarsa, kuma ya san haka. Sai ya ɗora wa kansa atisayen da masu horarwa na zamanin suka ɗauka hauka ne: ya ruga mita 400, ya ɗan sassauta, ya sake rugawa, sau 40, sau 60, wani lokaci har sau 100 a rana guda. Da ya shiga soja, da manyan takalman soja yake gudu cikin daji da ƙanƙara. A aji na sha ganin irinsa: ɗalibin da ba ya saurin ganewa amma ba ya ajiye littafi, shi ne yakan ba mu kunya ranar jarabawa.

A gasar Olamfik ta Landan a 1948 ya ci zinare a mita 10,000. Amma a Helsinki, a 1952, ya yi abin da har yau ba wanda ya maimaita. Bayan ya lashe mita 10,000 da mita 5,000, sai ya ce zai gwada gudun yada ƙanin wani na kilomita 42, wanda bai taɓa shiga ba a rayuwarsa. Ya cinye cikin awa 2 da minti 23, ya bar Jim Peters na Birtaniya, mai riƙe da kambun duniya, a baya. Matarsa Dana ma ta ci zinare a jifan mashi a wannan gasa.

A Melbon, a 1956, bai jima da tashi daga tiyatar ƙaba ba, ya zo na shida. Wanda ya ci shi ne Alain Mimoun, haifaffen Aljeriya mai wakiltar Faransa, wanda sau uku yana zuwa na biyu a bayan Zatopek a Olamfik. Zatopek ya sara masa, suka rungume juna.

Taurin kan nan ya jawo masa wahala a siyasa. Ya goyi bayan masu neman sauyi a 1968, tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe su, aka kore shi daga soja da jam'iyya, ya koma lebura a aikin haƙar ƙasa, nesa da iyalinsa. Sai a 1990 shugaba Vaclav Havel ya wanke shi. Ya rasu a Firag a Nuwamban 2000, yana da shekara 78.