Tarihin Kyu Sakamoto, mawaƙin Japan da ya isar da baƙin cikin rabuwa ga duniya

A cikin mawaƙan Japan maza da suka rera waƙoƙin kewa da rabuwa, babu wanda muryarsa ta kai nisan da ta marigayi Kyu Sakamoto ta kai. A watan Yunin 1963 waƙarsa ta hau saman jadawalin Billboard na Amurka, ta shafe mako uku a wurin, alhali galibin masu sayen faifan ba sa jin ko kalma ɗaya ta Japananci. Har yau ita kaɗai ce waƙar Japananci da ta taɓa kai wannan matsayi.

An haife shi ranar 10 ga Disamba, 1941, a birnin Kawasaki da ke kusa da Tokyo, kwanaki kaɗan bayan Japan ta shiga yaƙi da Amurka. Sunansa na yanka Hisashi, amma da yake shi ne na tara a 'ya'yan mahaifinsa, sai laƙabin Kyu, wato tara a harshensu, ya bi shi. Da ruwan bama-bamai ya tsananta, mahaifiyarsa ta kwashe 'ya'yanta zuwa garin Kasama da ke lardin Ibaraki. Bayan yaƙin suka koma gida, amma a 1956 auren iyayensa ya mutu. Ke nan tun yana matashi ya san ɗacin rabuwa a cikin gidansu.

Ya fara waƙa a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da kiɗan Amurka ya mamaye zukatan samarin Tokyo. Ya shiga ƙungiyar The Drifters a 1958, daga bisani ya koma ta Paradise King, yana rera waƙoƙin Turawa da aka mayar Japananci. Fara'arsa da yadda yake karkaɗa murya suka sa ya yi farin jini a talabijin.

A 1961 ne ya fitar da waƙar da ta zame masa tambari, mai suna Ue o Muite Arukō. Rokusuke Ei ya rubuta baitocinta, Hachidai Nakamura ya tsara kiɗan. Labarin wani mutum ne da ke tafiya shi kaɗai cikin dare, yana tuna kwanakin da suka wuce, yana kokawar hana hawayensa zuba. Kiɗan mai sauƙi ne, har da fito a ciki, kamar na mai nishaɗi, kuma wannan haɗin na murmushi da kuka shi ne ƙarfin waƙar.

Abin lura shi ne baitocin ba su ambaci dalilin kukan ba. Shi marubucin, takaicin rashin nasarar zanga-zangar 1960 ta adawa da yarjejeniyar tsaro tsakanin Japan da Amurka na cikin abin da ya motsa alƙalaminsa. Amma da yake ya bar ƙofa a buɗe, wanda masoyiya ta guje masa da wanda ya yi rashi duk sun ji kamar da su ake.

A Birtaniya ne waƙar ta samu wani suna. Kamfanin Pye ya fitar da kiɗanta zalla daga ƙungiyar Kenny Ball, aka raɗa mata Sukiyaki don Turawa su iya furtawa. Sukiyaki kuwa abinci ne na yankakken naman sa da ganyayyaki, wanda ba shi da wata alaƙa da waƙar. Da wannan suna kamfanin Capitol ya fitar da muryar Sakamoto a Amurka, shekara 18 kacal bayan ƙarshen yaƙin da ƙasashen biyu suka gwabza. A 1981 ƙungiyar A Taste of Honey ta sa mata sababbin baitoci na Ingilishi, waɗanda suka mayar da ita waƙar rabuwar masoya kai tsaye, ta kuma kai mataki na uku a jadawalin. Da yawa daga masu ɗaukar ta a matsayin waƙar soyayyar da ta watse, ta wannan hanya suka san ta.

A gida, Sakamoto ya ci gaba da waƙa da fitowa a fina-finai da gabatar da shirye-shiryen talabijin. Ya auri 'yar fim Yukiko Kashiwagi a 1971, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ya kuma ba da lokacinsa mai yawa wajen tallafa wa masu buƙata ta musamman, musamman yara.

Ranar 12 ga Agusta, 1985, ya shiga jirgin Japan Airlines mai lamba 123 daga filin jirgin Haneda na Tokyo zuwa Osaka. Kimanin minti 12 da tashi, wani bango da ke riƙe iska a bayan jirgin ya fashe, sakamakon gyaran da aka yi masa ba daidai ba shekara bakwai kafin nan. Matuƙan suka yi ta fama da jirgin na kusan rabin sa'a kafin ya faɗi a tsaunukan lardin Gunma. Daga cikin mutum 524 da ke ciki, huɗu ne kawai suka tsira. Har yau babu haɗarin jirgi guda ɗaya da ya ci rayuka kamar wannan. Sakamoto ya rasu yana da shekara 43.

Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, waƙar ta sake cika gidajen rediyo da talabijin na Japan, mutanen da suka rasa 'yan uwa da gidaje suna rera ta, shekara 50 cif bayan fitowarta.